Yadda Na Kashe Fulawar Iya da Ruwa

Ranar wata Alhamis ce a makon farko na watan Fabrairu, shekarar da nake aji biyar na firamare a Haɗeja. Da yake ranar babu makarantar allo, ana idar da sallar la'asar na cika bokiti na nufi lungun da ke bayan ɗakin kakata, Iya Falmata, domin in ba fulawarta ruwan yamma kamar yadda na saba. Tun kafin in ƙarasa na ji wani wari-wari, irin na rogon da aka manta a cikin ruwa. Na leƙa bayan tulu, na duba gindin danga ko ɓera ne ya mutu, ban ga komai ba. Sai na durƙusa gaban fulawar, na ɗora babban yatsana a kan ƙaton gindinta, wanda na san shi da tauri, na ɗan danna. Yatsan ya shige har gaɓa, wani ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ya biyo hannuna. Na ajiye bokitin na zauna daɓas a ƙasa. Da safiyar ranar nan wani mai sayar da kifi ya biyo daga Guri ya shaida wa Babanmu cewa Iya na nan tafe ranar Lahadi, bayan wata biyu da ta yi a can. Ni ta bar wa amanar fulawar nan, ga shi saura kwana uku ta dawo.

Kafin in faɗi yadda aka yi har aka kai nan, sai na fara faɗin irin mutanen da muke. Mu 'yan fadama ne gaba da baya. Gidanmu na gefen gari ta wajen kogi, Babanmu kuma manomin shinkafa ne da damina, manomin alkama da rani, haka ya gada. Mun buɗe ido mun tarar komai namu ruwa ne ke kawo shi. In kogi ya cika ya malala cikin fadama sai a yi ta murna, shinkafa za ta yi, kifi zai samu. Shekarar da ya ƙi kawowa kuwa, ko yaro ya dubi fuskar manya ya san ba lafiya. In shinkafa ta fara ƙosawa, aikinmu mu yara korar tsuntsayen jan-baki ne daga gona, muna kaɗa gwangwanayen da aka zuba wa tsakuwa, muna ihu har murya ta dushe. In muka gaji sai mu faɗa kududdufi mu tsinko furen bado mu soka a kitso, mu ɓare 'ya'yansa mu ci. Da sanyi kuma, in an tashi daga makaranta, mukan kai wa Baba abinci gonar alkama, mu same shi tsaye cikin taɓo da fartanya yana fasa wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Maganarsa ɗaya ce a kan kowace irin shuka: "Ruwa da taki su ne uwa da uba." Ban taɓa jin wanda ya musa masa ba, domin duk unguwar an san babu alkama irin tasa.

Iya ce kaɗai ba ta cikin wannan lissafi. Ita ce mahaifiyar Baba, Babarbariya ce daga wani ƙauye can bayan Gaidam, ƙasar yashi, inda takan ce saboda zurfin rijiya raƙumi ne ke jawo guga. Aure ya kawo ta Haɗeja, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta gama miƙewa ba, mu yi ta tsokanarta tana zaginmu da Barbarci muna dariya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, sai dai ya ce "Uwata", ita kuma ta ce "Takwara". Cikin duk abin da ta zo da shi daga garinsu, tukwane sun fashe, tabarmi sun mutu, zannuwa an rabar. Abu ɗaya ya rage mata, wato fulawar nan da ake kira kariya, wadda mahaifiyarta ta tono mata a bayan gari tun tana 'yar ƙarama kamar albasa, ta sa mata a ƙoƙo ta ce ta tafi da ita.

Ga wanda bai san kariya ba, gajeriyar bishiya ce da ba ta cika wuce ƙugun babban mutum ba, amma gindinta a kumbure yake, domin a nan take ajiye ruwanta. Gindin ta Iya ya kai girman turmi, hannayena biyu ba sa zagaye shi, fatarsa toka-toka ce sumul. Daga samansa rassa bakwai masu kauri suka fito, ganye kuwa sai can a bakin kowane reshe, kore shar mai sheƙi. In zafi ya fara shigowa sai ta ɓarke da fure, kowane kamar ƙaramin mazurari, bakinsa ja cikinsa fari, ba shi da wani ƙamshi amma sai ka tsaya ka duba. A cikin wata tsohuwar randa mai fasasshen gindi Iya ta dasa ta, ta cika randar da yashi da tsingaro da gawayi, ta ɗora a kan duwatsu a inda rana ke duka tun hantsi. In damina ta yi nisa aka jera kwana biyu ana ruwa, sai ta sa a ja randar ƙarƙashin rumfa. Doka ɗaya ta kafa mana: kada wanda ya karya reshe, domin ruwan jikinta dafi ne, ko akuya mai kwaɗayi ba ta kai mata baki. Matan unguwa in sun shigo sukan tsaya su yi kallo, sannan su ce abin da ba a miya da shi, ba a magani da shi, mene ne amfaninsa? Iya takan ce, "Ido ma yana da nasa rabon."

Ni kuwa ba a gida na koyi fulawa ba, a makaranta na koya, kuma a nan gizo ke saƙar. Muna da wani malamin aikin gona, Malam Haruna, dogon mutum ɗan Jahun, wanda ya mai da filin gaban ofishin hedimasta lambu. Ya kewaye kowane fangali da kwalabe a kife, ya zagaye wurin duka da ƙaya saboda awaki. Akwai gwangwama mai faffaɗan ganye irin na ayaba da jan fure, wadda ya dasa a bakin kwatar famfo domin ita ba ta ƙoshi da ruwa. 'Ya'yanta baƙaƙe masu tauri muke tsinta mu zuba a gwangwanin madara mu yi caki. Akwai wata mai rarrafe a ƙasa da siraran ganye, wadda muke kira ƙarfe-goma, saboda ba ta buɗe fure sai hantsi ya dubi ludayi, da azahar kuma ta rufe abinta. Ko ɗan guntunta ka tsinka ka soka a ƙasa sai ya kama, shi ya sa duk muka sato ta muka kai gida. Akwai kuma wata mai babban jan fure irin na kuɓewa, wadda in ta wuni ɗaya ba ruwa sai ganyenta ya langaɓe. Can jikin bangon aji shida kuwa fulawar takarda ce mai ƙaya ta hau har rufi, wadda Malam ba ya yarda kowa ya ba ta ruwa sai shi. Mu a zatonmu so ne ya sa.

Kullum da safe, kafin a shiga layi, kowane aji na da fangalinsa, wanda ya makara kuma hukuncinsa gwangwani uku daga famfo. Malam yakan zagaya da hannu a baya yana cewa, "Fulawa ba ta da baki, ganyenta ne ke faɗin abin da ke damunta." Ni kuma Allah ya yi ni da rawar kai, abin da aka ce in yi sau ɗaya sai na yi sau uku in dawo in tambaya ko akwai saura. Da muka shiga aji biyar sai Malam ya naɗa ni shugabar ban-ruwa ta 'yan mata. Ai kuwa kaina ya yi girma. Ina tafiya ina duba ganyen duk wata shuka da na gani a hanya, har zogalen maƙwabta sai na tsaya na yanke masa hukunci.

A farkon Disamba Goggo Yagana, ƙanwar Baba da ke aure a Guri, ta haifi tagwaye, jikinta kuma ya ƙi daɗi. Iya ta ɗaure ƙunshinta za ta je zaman jego. Ranar tafiya, mai babur na jiranta a ƙofar gida, ta kira ni lungunta ta nuna randar ta ce, "Takwara, ga kariyata nan, ki sa mata ido." Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Daga baya na gane abin da take nufi shi ne in hana ƙannena wasa kusa da ita, kada wani ya karya reshe ya kai hannu baki. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mai hankalin da zai zuba wa kariya ruwa da sanyi, don haka ba ta ga abin hanawa ba.

Mako guda da tafiyarta ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa yana zubowa. Duk shekara haka take yi in sanyi ya shigo, ta kakkaɓe ganye ta yi barcinta, amma yaro ba ya lura da abin da ba a ɗora masa ba. Ni dai abin da na gani shi ne an ba ni amana kuma ganye na faɗin abin da ke damunta. Na cika bokiti na tuttula mata. Kafin in ɗago bokitin ruwan ya bi ta fasasshen gindin randar ya tsiyaye ƙasa, yashin ya koma kamar ba a zuba komai ba. Na ƙara wani, haka. Na yi kwana uku ina wannan fama, sannan na kai ƙara wurin Baba yana cin tuwo. Na ce masa fulawar Iya za ta mutu da ƙishirwa, randar ba ta riƙe ruwa, kuma babu komai a ciki sai yashi da fasassun tukwane.

Ashe na sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Baba ya daɗe yana ganin mahaifiyarsa na azabtar da shukar nan, kunya ce kawai ta hana shi magana. Ya ce shekara da shekaru yana kallon abin nan a cikin yashi kamar wanda ake horo, ai da ta samu ƙasa ta kirki da ta kai tsawon mangwaro. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa aka kawo rabin duro, ya ɗebo baƙar laka daga gonarsa a amalanke, ya cuɗa ta da ruɓaɓɓen kashin shanu da hannunsa, irin haɗin da yake yi wa irin shinkafa kafin dashe. Ya duba duron ya ga wani ɗan rami a gindi, ya toshe shi da tsumma da kwalta don kada ko ɗigo ya fita. Shi da maƙwabcinmu suka fasa randar a hankali, suka kinkimo kariyar suka dasa, ya danne laka da ƙafa, ya yi mata baki kewaye yadda ruwa zai kwanta. Innarmu tana surfe tana kallonmu, can ta ce a hankali tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa ganin Iya ta zuba wa abin nan ruwa da sanyi ba. Baba ya ce ai shi ya sa kullum take tsirara babu ganye. Inna ta ci gaba da surfenta. Ni kuma aka ce in riƙa ba ta safe da yamma, mu ba Iya mamaki.

Na riƙe aikin nan fiye da yadda na riƙe karatuna. Kafin in tafi makaranta bokiti guda, in na dawo daga allo bokiti guda, ko sanyi na yanka hannu ban fasa ba. Ƙawayena su zo kirana gaɗa ko 'yar carafke in ce su jira in sallami fulawa. Abin da ya ƙara ruɗa mu shi ne, bayan kamar kwana goma sai ga wasu 'yan ƙananan ganye sun tsiro a bakin rassa biyu. Na ruga har gonar alkama na faɗa wa Baba, ya yi dariya ya ce, "Ba na faɗa miki ba, Uwata?" Ganyen ba su yi mako ba suka yi ruwan ɗorawa suka zube. Da na ga haka sai na ce ruwan ne bai ishe ta ba, na mai da shi bokiti biyu-biyu. Ruwa ya kwanta a saman lakar har gansakuka ta fito, sauro ya samu gida. Iya kuwa arba'in ta cika ba ta dawo ba, domin Goggo ba ta gama warwarewa ba, sai da aka shiga wata na biyu sosai, har zuwa ranar Alhamis ɗin da yatsana ya shige.

Abin da na fara yi ranar, ba na jin daɗin faɗinsa. Na ɗebi laka na cusa a ramin da yatsana ya yi, na shafe wurin, na yi ƙoƙarin juya duron yadda wurin zai fuskanci bango, ya fi ƙarfina. Ban faɗa wa kowa ba, tuwo ma kasa ci na yi. Washegari a makaranta na bi Malam Haruna har gindin fulawar takarda na ce masa wai wata ƙawata ce fulawarsu ke wari. Ya tambayi wace iri, na ce kariya. Ya tambayi yadda ake ba ta ruwa, na faɗa masa. Ya riƙe baki ya dube ni, sannan ya ce in gaya wa ƙawar tawa kariya 'yar tudu ce, cikinta randar ruwa ce, wanda ya ƙara mata da sanyi ya kashe ta. Ya nuna ta takardar ya ce ita ma shi ya sa yake hana mu taɓa ta, domin in ta ƙoshi da ruwa ganye kawai take yi ba fure. Sai ya ce in ruga gida yanzu, ba sai an tashi ba, a fitar da ita daga laka a ajiye a inuwa. A nan na san ya gane ko wace ce ƙawar.

Da isata gida na faɗa wa Inna komai, ni da ita muka tuntsurar da duron, baƙin ruwa mai ɗoyi ya malale lungun. Da muka ja kariyar sai saiwoyin suka riƙa tsinkewa a hannunmu, sun yi laushi sun yi baƙi. Inna ba ta ce mini "na faɗa muku" ba, ta dai taya ni muka mirgina ta kan tsohon buhu a ƙarƙashin rumfa. Da Baba ya dawo da yamma ya tsaya a kanta da fartanya a kafaɗa. Mutumin da ya san ciwon kowace shinkafa da kallo ɗaya, ranar nan sai da ya kai hannu kafin ya yarda. Ya durƙusa ya taɓa, ya shinshina hannunsa, ya ce, "Innalillahi." A rayuwata ban taɓa ganin tsoro a fuskar Babanmu ba sai ranar, kuma abin ya fi ba ni tsoro fiye da warin.

Ranar Lahadi bayan azahar mai babur ya sauke Iya. Aka yi mata sannu da zuwa, ta sha ruwa, ta ba da labarin tagwaye, ta raba mana ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Ni ina raɓe a bakin ƙofa na kasa karɓar nawa. Da ta idar da la'asar sai ta miƙe ta zagaya lungunta, muka bi ta a baya ni da Baba. Ta dubi wurin da randa take a da, ta dubi duron a kife, ta dubi abin da ke kan buhu. Da yake Baba ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Baba ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Iya. Ni na sauya mata ƙasa."

Na ce, "Ni ce na ba ta ruwa."

Ta juyo ta dube ni. "Sau nawa, Takwara?"

"Safe da yamma."

"Kullum?"

"Kullum, Iya. Wallahi ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Sai ta yi wata 'yar gajeriyar dariya, ta ce, "Laifina ne, da na ba 'yan fadama ajiyar 'yar tudu." Ta zauna a kan dutsen da randar take a da, ta ja bakin mayafinta ta share ido. Da ta ɗauki bulala ta zane ni da na fi jin sauƙi.

Ba ta daɗe a zaune ba ta ce a kawo wuƙa. Ta sa Inna ta gasa bakin wuƙar a wuta, ta naɗe hannunta da tsumma saboda dafin, ta fara bin rassan ɗaya bayan ɗaya. In ta yanka ta ga cikin ya yi ja-ja ko baƙi sai ta matsa sama ta sake yanka, tana neman inda naman yake fari tas. Biyar daga cikin bakwai ruɓar ta kai har ƙarshensu. Biyu kaɗai ta samu, kowane bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Ta shafa musu toka a bakin yankan ta ɗora su a kan rumfa a inuwa. Na ce ko in kawo ruwa a jiƙa su kada su bushe, Baba ya daka mini tsawa. Iya ta ce kwana bakwai za su yi a nan har bakin ya ƙafe, sai sun manta da ruwa tukuna za a dasa.

Gindin kuwa ta hana a jefar da shi bola saboda yara da dabbobi. Baba da kansa ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, ya kinkima ya kai ya binne. Yana mai da ƙasa Iya tana tsaye, sai ta soma magana, ba ni take gaya wa ba, ba shi ba. Ta ce ranar da za ta baro garinsu mahaifiyarta ta bi ayarin har bayan gari, ta tsuguna ta tono tsiron da hannunta. Sau biyu kawai ta sake ganin mahaifiyar tata a duniya. Daga baya rijiyar garin ta ƙafe, mutane suka watse, wasu suka yi wajen Tafkin Chadi, wasu suka yi kudu, ko da ta so komawa babu wanda za ta tarar. Ta ce duk shekara in gindin nan ya ƙara kauri takan auna shi da hannu ta san shekarunta a Haɗeja. Ni duk tsawon zamana da ita ban taɓa sanin haka ba, a wurina fulawa ce kawai mai kyan fure.

Bayan mako guda ta aiki Baba ya ɗebo yashi mai tsakuwa daga bakin kogi, ba daga fadama ba, ta samu wata tukunya ta huda gindinta da kanta, ta jera tsingaro da gawayi, ta kafa rassan biyu ta tokare su da kara. Ba ta zuba ko ɗigo ba sai bayan wasu kwanaki, shi ma da ludayi. Ɗaya ya motse ya bushe. Ɗayan ya zauna shiru ba ya gaba ba ya baya, ina zuwa ina leƙensa daga nesa hannuwana a baya, har zafi ya shigo sosai. Wata safiya sai ga wani abu kore kamar ƙwayar gero a kansa. Na yi murna har da tsalle, na ce wa Iya nan da 'yan shekaru za ta koma kamar da. Ta girgiza kai ta ce ta reshe ba ta yin ciki irin wancan, sai wadda ta tsiro daga iri, ita kuma wannan ita kaɗai ce a garin, ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Gaskiyarta ne. Ta yi rassa, ta yi fure a shekara ta biyu, furen bai bambanta da na da ba, amma gindin ya tsaya siriri.

Iya ba ta sake tayar da maganar ba, amma ba ta sake ba ni ajiya ba. In za ta yi tafiya sai ta kira Inna, ta ɗaga murya yadda ni da Baba za mu ji, ta ce, "Ga kariyata nan, don Allah kada kowa ya taimake ta." Gidan duka a fashe da dariya, mu biyu mu sunkuyar da kai. Haka aka yi ta yi har na gama makaranta, na yi aure a nan cikin gari, na fara koyarwa. Shekarar da ciwon ajali ya kwantar da Iya, muna zaune a ɗakinta da rana, Goggo Yagana ta ce mata in ta yarda ita za ta tafi da fulawar Guri ta kula da ita, tunda ita ce 'ya mace. Kowa ya ga dacewar haka, har da ni. Iya ta buɗe ido ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "A ba Takwara." Goggo ta ce, "Iya, wadda ta kashe miki uwar fulawar?" Ta ce, "Ita kaɗai ce a cikinku ta san abin da ke kashe ta." Na fita tsakar gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina aji biyar.

Yau abubuwa sun sauya. Masu sayar da fulawa sun jera kaya a bakin titi, har da kariya a cikin baƙar leda, ja da fara da mai fure ninki-ninki, wasu da ƙaton gindi tun suna ƙanana, ka biya a ɗora maka a adaidaita sahu. Sababbin gidaje kowa da tukwanensa a ƙofa, babu mai tambayar ko ana miya da su. Nakan tsaya in duba, na kuma sayi fulawoyi iri-iri a wurinsu, amma ban taɓa sayen kariya ba. Tawa tana nan a tsakar gidana inda rana ke duka, siririya, ta kusa kai ƙirjina, duk bazara tana cika da fure. Kewaye da ita akwai wasu da yawa, mai son inuwa tana inuwa, mai son laka tana bakin kwata, kowacce na san halinta, maƙwabta har kawo mini marasa lafiya suke yi in duba. Wani lokaci in na gama zagaya su da yamma nakan ji ina son Iya ta leƙo ta gani, ko da tsiya za ta yi mini da Barbarcinta. Na iya fulawa yanzu, amma wadda zan nuna wa ba ta nan.